Tambayi Tsohuwarka Waƙar da Take So



A wannan fitowa muna so mu yi magana a kan wani gado da alƙali ba ya rabawa, wanda kuma yake salwanta a gidajenmu ba tare da kowa ya farga ba. Gadon nan shi ne waƙoƙin da iyayenmu suka so, da labaran da ke ɗaure a jikinsu.

Duk wanda ya zauna da dattawa ya san abin da muke nufi. Tsoho zai yini shiru a kan tabarma, in ka tambaye shi labarin ƙuruciyarsa ya ce ya manta. Amma da zarar kalangun Mamman Shata ya tashi daga wata rediyo, sai ka ga ya gyara zama. Kafin waƙar ta ƙare ya faɗa maka shekarar da ya fara jinta, da garin da yake, da abokin da suke tare, da abin da ake sayar da tiyar hatsi a lokacin. Likitoci ma sun lura da haka: tsofaffin da ruɗewar tsufa ta kama sukan kasa tuna sunan jika, amma su rera waƙar samartakarsu daga farko har ƙarshe.

Dalili kuwa a fili yake. A da, mutum bai cika jin waƙa shi kaɗai ba. Rediyo ɗaya ce a gida, wani lokaci ma ɗaya ce a unguwa. Ana kama Muryar Sahel daga Yamai, ana kuma lalubo Rediyon Kaduna domin shirin Zaɓi Sonka, inda mutum zai aika wasiƙa ya gai da danginsa da waƙa. Ɗan ci-rani da ke Kumasi ko Abijan ko Ikko, wanda ya shekara biyu bai ga gida ba, yakan aiko da kaset ta hannun mai dawowa, a taru a tsakar gida bayan lisha a saurara. Saboda haka kowace waƙa ta zo da fuskokin mutanen da aka ji ta tare da su.

Kowane rukuni kuma da nasa. Direbobi da yaransu suna da Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, wanda ya yi wa karen mota waƙa ya ɗaga darajarsa. Masoya dambe suna da Ɗan Anace da waƙar Shago. Masu son sarauta suna da kotson Musa Ɗanƙwairo. Mata a gidan biki suna da ƙwaryar amada ta Barmani Coge. Mutanen Tawa suna alfahari da Ɗan Gurmu, wanda aka sa wa gasar kiɗa ta ƙasa sunansa a 1987, Maraɗawa kuma da Sa'adu Bori. Waɗanda suka yi Samariya a zamanin Seyni Kunce, tsakanin 1974 da 1987, har yau in suka ji waƙoƙin bukin matasa na ƙasa sukan tuna gayya da tafiya cikin babbar mota zuwa wata jiha.

Mu da muka tashi a gidan liman, namu ya ɗan bambanta. A zaure Ishiriniya ce take tashi in watan Mauludi ya kama, almajirai suna amshi har dare ya raba. Da safe makafi su tsaya a ƙofa suna rera Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi. A cikin gida kuwa iyayenmu mata suna da waƙoƙin daka da na niƙa da na reno, waɗanda babu kaset ɗin da ya taɓa ɗaukar su. A cikin waƙar niƙa ne muka fara jin sunan ƙauyen da kakarmu ta fito, da sunan ƙaninta da ya tafi gabas neman karatu bai dawo ba. Da ba don waƙar ba, da sunansa ya bi shi.

Mun san malamanmu sun yi saɓani a kan kiɗa, wannan shafi kuma ba wurin fatawa ba ne. Kowa ya koma ga malamin da ya amince da shi. Sai dai muna tunatarwa da hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa ranar wata salla 'yan mata biyu suna waƙa a ɗakin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ƙyale su. Abin da suke rerawa labarin ranar Bu'asu ne, wato yaƙin da aka yi tsakanin iyayensu na Madina. Ashe tun can waƙa tana riƙe wa mutane tarihinsu. Wadda ta ƙunshi batsa ko cin mutunci kuwa, babu mai cewa a shigo da ita gida.

Yau lamarin ya sauya. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Sa'adu Bori a 2008, Barmani a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Kaset ɗin da ake juyawa da bik in zarensa ya warware, zafi da ƙura sun cinye mafi yawansu a ƙasan akwati. Salula ta zo da dubban waƙoƙi, amma kowa ya toshe kunnensa yana jin nasa. Uba bai san abin da ɗansa yake ji ba, ɗa bai san abin da ya taɓa sa uwarsa hawaye ba. Muryoyin manyan mawaƙa ana samun da yawansu a intanet. Labarin da tsohuwarka ta ɗaura wa waƙar kuwa, a ƙirjinta kaɗai yake, in ta tafi ya tafi.

Shawararmu mai sauƙi ce. A ware dare ɗaya a wata, bayan an ci tuwo, a ajiye wayoyi a bar ɗaya a tsakiya. A fara da mafi tsufa a gidan: «Inna, wace waƙa kika fi so kina budurwa? A ina kika fara jinta? Wa take tuna miki?» In an same ta a kunna, in ba a samu ba ta rera da bakinta, a nemi izininta a ɗauki muryar. Sannan a bi da bi har a iso kan yara, su ma su kawo tasu su faɗi dalili. Iyaye su yi haƙuri su ji ta har ƙarshe kafin su yi magana, domin yaron da aka kunyata sau ɗaya zai koma ɓoyewa. A nan ne za a tace mai kyau da marar kyau cikin fara'a, ba da tsawa ba. Wanda yake da tsofaffin kaset kuma ya kai wa masu tura waƙa a kasuwa da suke da na'urar juyawa, tun kafin zaren ya gama mutuwa.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Waɗanda iyayensu ke raye su yi hanzari. Waɗanda nasu suka riga mu gidan gaskiya, akwai goggo, akwai kawu, akwai tsohuwar maƙwabciya.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon kyautata wa waɗanda suka rage. Sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.

Wassalam.