SHARHI: Wa ke tsaya wa akuyar ƙauye idan ta shiga hannun masu bincike?

A ƙauyukan Ɗambatta da Makoɗa da Bichi da Minjibir, inda gona ke jingine da gona har babu wurin kiwo na kirki, akuya dukiya ce ta gaske. Da damina a turke take wuni, ana yanko mata ciyawa, takinta kuma shi ke raya gonar gero da dawa. Galibi ta mata ce, ita ce asusun da ake fasawa ranar da yaro ya kwanta ciwo ko aka tashi aurar da 'ya.

Irin waɗannan dabbobi ne ke ɗauke da kaso mai yawa na binciken kiwo da koyar da shi a arewacin Najeriya. Akwai Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta, ga Jami'ar Bayero a Kano, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tare da cibiyarta ta binciken kiwon dabbobi da ke Shika. Ɗalibin da ke buƙatar jajayen awaki ko tumaki 'yan ƙasa ko kajin gida, ko dai ya saya a kasuwar ƙauye, ko ya bi gidaje yana ɗibar jini da kashin dabbobi. Babu mai musun amfanin wannan aiki, domin da shi ake gano cuta da maganinta. Abin tambaya shi ne: wa ke sa ido?

Dokar Penal Code da jihohin Arewa suka gada ta haramta azabtar da dabba, amma ba don ɗakin gwaji aka rubuta ta ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa ikon shimfiɗa ƙa'idojin bincike a kan mutane da dabbobi. Sai dai wannan bai kai tsarin Birtaniya ba, inda dokar 1986 ta wajabta lasisi uku: na wurin da za a yi gwajin, na mai yin sa, da na aikin kansa. A nan, nauyin ya fi komawa kan kwamitocin da jami'o'i ke kafa wa kansu, kamar kwamitin kula da amfani da dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello. Mujallun kimiyya na duniya su ma sun taimaka, domin da yawansu ba sa buga bincike sai sun ga shaidar amincewar irin wannan kwamiti.

Ma'aunin da kwamitocin ke aiki da shi ya samo asali ne daga masana biyu na Birtaniya, William Russell da Rex Burch, a 1959: a maye gurbin dabba da wata hanya idan akwai, a rage yawan dabbobin, a kuma gyara aikin yadda wahala za ta ragu. Ma'auni ne mai kyau, amma ɓeran keji aka yi wa shi, wanda jami'a ta mallaka daga haihuwa zuwa mutuwa. Akuyar ƙauye kuwa tana da mai ita, tana kuma iya komawa kasuwa. Daga nan giɓi uku ke bayyana.

Na farko shi ne izini. Amincewar dagaci ko ta maigida ba ita ce amincewar matar da ta mallaki akuyar ba. Idan aka ɗebi jinin akuya mai ciki, ko aka gwada mata sabon abinci ta yi ɓari, takardar da aka sa wa hannu a jami'a ba lallai ta ce komai game da diyya ba.

Na biyu shi ne makomar dabbar. Magungunan dabbobi da yawa suna da kwanakin da ake jira kafin a ci naman ko a sha nonon. Ragon da aka gwada wa magani, ko aka sa masa cuta da gangan domin nazari, idan aka sayar da shi don mayar da kuɗin bincike, tukunyar wani zai faɗa ba tare da mai ci ya sani ba.

Na uku shi ne aji. Binciken da za a buga yana bi ta gaban kwamiti saboda mujalla za ta tambaya. Darasin koyon allura ko fiɗiya ko feɗe kaza kuwa babu mujallar da za ta tambaya, alhali a nan ne dabba ɗaya ke iya shan hannun ɗalibai da yawa.

Kano ta san tsadar bincike marar kyakkyawan izini. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kusan 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya jawo shari'a ta shekaru, kuma yana cikin abubuwan da aka riƙa ambata sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar a 2003. Dabba ba mutum ba ce, amma amana ɗaya ce. Matar da akuyarta ta mutu bayan zuwan baƙi masu farar riga, da wuya ta fito da sauran ranar rigakafin dabbobi.

Gyaran ba ya buƙatar maƙudan kuɗi. Kwamiti na iya sharɗanta izinin mai dabbar da Hausa, da diyya a rubuce, da bayanin inda kowace dabba za ta ƙare. Yana iya duba darussan aji sau ɗaya a shekara, ya riƙa ziyarar bazata, ya kuma ba wakilin masu kiwo kujera. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta tarayya, wadda aka ƙirƙira a 2024, tana da damar haɗa kai da Hukumar Kula da Jami'o'i da Majalisar Likitocin Dabbobi a fitar da ƙa'ida ɗaya da za ta hau kan jami'o'i, a kuma miƙa irinta ga kwalejoji.

Tausayin dabba ba baƙon abu ba ne a ƙasar da kowane ɗan makarantar allo ya ji labarin matar da aka azabtar saboda tsare kyanwa. Abin da ya rage shi ne sa idon jami'a ya bi mai bincike har turken da akuyar ke ɗaure.