Daga Zangon Lome: Wane wata za a ɗauki iyali a kai su gida?

Ran Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, wani maƙwabcina a nan Agoe-Zango ya biyo ni rumfa. Yaro ne mai hankali, da ƙyar zai kai shekara 35. Ya ce, "Baba, tsohuwa ta matsa tana son ganin jikokinta, ƙarfinta kuma ya fara tafiya. Na ce in an ba yara babban hutu sai in kwashe su mu tafi Maraɗi cikin Agusta. Ya ka gani?" Na ce masa ya ja kujera, don wannan ba amsar tsaye ba ce. Abin da na faɗa masa shi zan maimaita a nan, tunda na san ba shi kaɗai ke da wannan lissafin ba.

Abin da ke ruɗar mu mutanen bakin teku shi ne, sararin Lome ba ya ba da labarin sararin gida. Mu a nan damina biyu gare mu. Babbar tana kamawa daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarfinta a Yuni. Sai ruwa ya ɗauke a Agusta, gari ya yi luf, iska mai sanyi na busowa daga teku. Sannan ƙaramar ta zo a Satumba da Oktoba. To mutum ya fito ƙofar gida a Agusta, ya ga ƙasa a bushe, sai ya ce ai lokacin tafiya ya yi. Alhali da zarar ka yi arewa, damina ɗaya ce tak, kuma Agustan nan shi ne tsakiyar marka. Daga Lome zuwa Maraɗi ta Kwatano, Parakou, Kandi, Malanbil, Gaya da Doso ya haura kilomita 1,500. Kana ƙara nisa kana ƙara kutsawa cikin ruwan da ka ɗauka ka baro a baya.

Na faɗa wannan tarkon da ƙafata. Shekarun baya na ɗauki uwargida da yara uku a Agusta, muka shiga wata babbar mota wadda ba sai na kama sunan masu ita ba. Mun yi nisa cikin arewacin Benin sai muka tarar ruwan dare ya cinye wani kwalbati, motoci sun yi layi iya ganinka. Kwana biyu muka yi a gefen titi. Guzurin da aka yi na kwana ɗaya da rabi ya ƙare, masu tallan abinci suka ninka kuɗi, sauro kuwa ya yi biki da mu. Kwana takwas da isarmu gida autarmu ta kwanta da zazzaɓin cizon sauro, hutun da aka je yi a bakin gadon asibiti aka ƙarasa shi. Atamfofin da na ɗaure a saman mota don in rage kuɗin hanya, dila guda ta sha ruwa, da asara na sayar da ita. Allah ya tashi kafaɗun yarinya, amma har yau in aka ce Agusta uwarta sai ta harare ni.

Kuma kada wani ya ce tsautsayina ne kawai. Waɗanda suka daɗe a nan sun tuna ƙarshen Yulin 2008, lokacin da ambaliya ta karya gadoji a kan babbar hanyar arewa, har da ta Amakpape da ta Togblekope da ke nan bakin ƙofarmu. Manyan motocin da ke ɗaukar kaya daga tashar jirgin ruwa zuwa Burkina da Nijar sai zagaye suka riƙa yi ta Kpalime. Masu bin hanyar Najeriya su ma sun san gadar Tatabu tsakanin Jebba da Mokwa, wadda ruwa ya karya a Yunin 2017, ga kuma ambaliyar Mokwa ta ƙarshen Mayun 2025 da ta ci rayuka masu yawa, Allah ya jiƙansu. A Oktoban 2022 ruwan Kwara da Binuwai ya hau titi a Lokoja, matafiya suka yi kwanaki a tsaye. Wannan na ƙarshen shi ke nuna ko ruwan sama ya ɗauke, kogi bai gama nasa ba sai Oktoba ta wuce.

Sai bazara. Wasu na cewa ai gara Maris ko Afrilu, hanya a bushe, babu gadar da za ta karye. Gaskiya ne, hanya lafiya lau, jikin mutum ne ba lafiya ba. Daga Kandi zuwa sama, zafi yakan wuce digiri 40, Sakkwato da Birnin Ƙonni kuwa ba a magana. Zafin Lome gumi ne, kana jiƙewa kana sanin kana zubar da ruwa. Na can busasshe ne, yana tsotse ka ba ka sani ba, sai dai ka ga yaro ya yi laushi ya daina surutu. Kwalta ta yi zafi, tayar da ta sha hanya ta fashe, injin ya tafasa. Kuma lokacin sanƙarau ke nan a yankinmu, yana tashi cikin rani ya yi ƙarfi kafin faɗuwar ruwa. Ƙari a kan haka, a waɗannan shekarun azumi yana faɗowa ne wajen Fabrairu da Maris, kowace shekara yana ja baya da kwana 10 ko 11. Matafiyi dai an yi masa rangwame ya sha ya rama, amma direba da yawa ba sa sha, kuma ni ban son direban da ya kwana tuƙi ya wuni da ƙishi. Namiji shi kaɗai da jakarsa, in kasuwa ta kira, ya tafi. Tsohuwa, mai ciki da jariri, ban ba da shawara ba.

Ni in an bar ni da zaɓi, daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba nake ɗaukar hanya. Ruwa ya ɗauke sama da ƙasa, koguna sun koma makwancinsu, hanyar ƙauye ta bushe har mota na iya kai ka ƙofar gida, ba sai an sauke ka a bakin titi an nemo amalanke ba. Zafin agazari ya wuce, hazo bai yi kauri ba tukuna. Kuma kaka ce. Rumbu cike, ga sabon gero, ga wake, ga gyaɗa, baƙo ba ya zama nauyi. Wannan abu ne da mu 'yan ci-rani ba mu cika lissafawa ba: ka kwashi baki shida ka kai wa ɗan'uwanka manomi a Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, shi yana gona tun asuba. Zai yi maka fara'a, ba zai ce komai ba, amma bashi zai ci ya ciyar da kai. A kaka kuwa mutane na da sukuni da ɗan kuɗi a hannu, shi ya sa ake ɗaura aure, kuma in ka riƙo 'yan turamen atamfa ba za su kwana ba.

Matsalar ɗaya ce, yara suna makaranta a Nuwamba. Abin da ya rage wa mai 'yan makaranta shi ne hutun ƙarshen Disamba, wajen mako biyu. Ba laifi, amma da sharaɗi. Kuɗin mota yana tashi, bakin iyaka yana cika, wanda zai bi ta Seme ya shiga Legas a makon Kirsimeti sai ya yi guzurin haƙuri. Hunturu kuma ya kankama. Hazo yakan rufe hanya har direba bai ganin abin da ke gabansa sosai, ga hayaƙin gobarar daji da ake sakawa a gefen titi. A nemi motar da ke tafiyar rana ko da ta fi tsada. Yaron da aka haifa a Lome bai san sanyi ba, bai taɓa ganin leɓensa ya tsage ba. A saya masa rigar sanyi da hula da safa tun daga nan, gwanjo ya fi araha a kasuwar Hedzranawoe, a riƙe man kaɗanya da bargo a hannu, kada a ɗaure su cikin kayan da ke saman mota. Mai asma a tafi da maganinsa.

Duk wannan lissafin sama ne. Akwai na ƙasa, wanda ba ya bin wata. Tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 gadar Malanbil da Gaya ta shiga rikici, mutane suka koma tsallakawa da kwalekwale, kuma tsallaka Kwara da yara lokacin da ta cika ba abin wasa ba ne. Hanyar Dapaong da Sinkase zuwa Burkina kowa ya san halin tsaron da take ciki. Kafin ka biya kuɗin kujera, je tasha ka sami direban da ya sauka jiya, ba wanda zai tashi gobe ba, ka saya masa shayi ka tambaye shi. Katin rigakafin shawara na kowane yaro kuma ya kasance a aljihunka.

Maƙwabcin nawa ya yi shiru, sannan ya ce, "To Baba, in tsohuwa ba ta kai Disamba ba fa?" Nan na rasa ta cewa na ɗan lokaci, don ni ma tawa ina Lome ta rasu, ina jiran hanya ta yi kyau. Na ce masa kada ya jira kowa. Ya tashi shi kaɗai cikin makon nan da 'yar jakarsa, ya je ya gan ta, ya kira yaran ta waya ta gan su su gan ta. In Allah ya kai mu Disamba sai ya koma da su gaba ɗaya. Ya ce kuɗin mota sau biyu ke nan, ga rumfa babu mai tsaro. Na ce rumfar ya bar mini makulli, yarona zai zauna masa.

Jiya da asuba ya tashi. Ya kira ni daga Parakou da la'asar, ya ce tun daga Dassa ake ruwa.