Waya Ta Nuna Inda Baba Yake, Wa Zai Tambayi Lafiyarsa?



Kowa ya san cigiyar da ake yi a lasifikar masallaci: dattijo ya fita tun hantsi, har magariba bai dawo ba. Sai mu ce gigin tsufa ne, mu yi shiru. Alhali sau da yawa ciwon mantuwa ne da ke kama ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ke fama da shi.

Yau babbar waya tana iya adana sawun duk inda mai ita ya taka. Masu bincike a Amurka da Turai suna duba wannan sawu: nisan da tsoho ke zuwa, wurare nawa yake ziyarta, awa nawa yake yi a gida. Sun lura cewa raguwar fita kan zo tare da ƙuncin zuciya ko raunin tunani. Ɗauki dattijon Tudun Jukun da ya saba zuwa kasuwar Tudun Wada kullum, ran Juma'a ya shiga birni ta Ƙofar Doka. In aka ga wata guda bai wuce zaure ba, ai akwai magana.

To amma fa waya ba likita ba ce. Ba ta san ciwon gwiwa ba, ba ta san babu kuɗin mota ba, ba ta san an bar ta a wurin caji ba.

Don haka ga shawarata. Na farko, a nemi izininsa tun yana cikin hayyacinsa. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, mahaifi kuwa ya fi kowa cancantar wannan kariya. Kai yaro, iya latsa waya bai ba ka ikon kunna wa kakanka wannan abu a ɓoye ba. Na biyu, mutum ɗaya ko biyu da ya amince da su kaɗai za su riƙa gani, kada a watsa a zauren WhatsApp na dangi. Na uku, in an ga canji, a je a durƙusa a gaishe shi, a ji damuwarsa daga bakinsa. In mantuwar ta yawaita, a kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kada a tsaya sai ranar cigiya.

Allah ya ba mu ikon kyautata musu, amin. Wassalam.