Zuwa ga Maginan Gagarawa Tasha: Kafin Ku Taɓa Madafin Tsohon Gida

Iyayena magina da ƙannena birkiloli, na nan Tasha da masu zuwa mana aiki daga Gumel, Maigatari da Sule Tankarkar. 

Kun fi ni sanin abin da ke biyo bayan kaka. Da zarar riɗi da zoɓo sun shiga kasuwa, ko mutum ya kai sansa Maigatari ran Alhamis ya dawo da nauyi a aljihu, sai ya tuna gidan gado na neman gyara. A da zaure ake fara taɓawa, don shi baƙo ke gani. Yanzu madafi ma ya shiga sahu. Maigida zai miƙo muku waya da hoton wani kicin na Kano ko Dutse, tayil har sama, kanta ta zagaye bango, ya ce irin wannan yake so. Roƙona kada ku yi saurin cewa to.

Wanda ya kira ku ba shi ke girki ba. Kukan yi sallama, mata su shige ɗaka, ku ja igiyar awo ku fita, a yi ciniki a zaure, alhali wadda za ta yini a wurin ba a ji ta bakinta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku nemi izinin maigida a tambaye ta, ko ta bayan labule, ko ta bakin tsohuwar gidan. Baki nawa take ciyarwa? Ina take ajiye turmi, ina randa, ina take wanke-wanke? In gidan mata biyu ne ko uku, murhu ɗaya suke karɓa-karɓa ranar girki, ko kowa da nata? Wannan tambaya ta ƙarshe kaɗai tana iya sauya tsarin gaba ɗaya, domin ma'ajiyar da uwargida da amarya za su riƙa haɗuwa a bakinta kullum, ba gyara kuka yi ba.

Su kansu masu kicin ɗin hoto da kallon mai girki suka fara. A 1926 wata mai zanen gine-gine, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara ƙaramin kicin don gidajen ma'aikata a birnin Frankfurt na Jamus, bayan nazarin takun mai girki da miƙa hannunta. Kantar da kuke gani, mai tsayin kimanin santimita 90, an yi ta ne don mai aiki a tsaye da ƙaramar tukunya. Mai girkinmu kuwa zaune take a kujera 'yar tsugunno, tukunyar tuwon mutum goma sha biyar a gabanta, ta yi talge, ta zuba gari, ta kama muciya da hannu biyu tana tuƙi da ƙarfin kafaɗa da baya. Ku ɗora wannan tukunya a kan kanta ku gani. Kafin wata ya zagayo za ta jera duwatsu uku a tsakar gida, kicin ɗin tayil ya koma wurin ajiye kwanuka. Don haka murhun babbar tukunya ya zauna ƙasa, da fili a gabansa wanda zai ɗauki kujera da ƙwarya da faifai, da inda itace ko kara zai miƙe ba tare da ya tare hanya ba. Kanta a yi ta gajera a gefe ɗaya, don yanka da jera kwano. Turmi kuma a bar shi waje a kan ƙasa, taɓarya ba ta barin daɓen siminti lafiya.

Sai hayaƙi, wanda a ganina shi ya fi komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, galibi daga girki da itace da gawayi da makamantansu, ta yi ajalin mutum kusan miliyan 3.2 a 2020. Tsohon madafi, rumfa ce ko ɗan ɗaki mai ɓula a sama, yana shan iska ta ko'ina. Ranar da kuka zagaye shi da bulo, kuka rufa kwano, kuka sa ƙofar ƙarfe da taga guda, kun tsare hayaƙin tare da matar da goyonta. Kafin ku rushe komai ku ɗaga kai ku dubi inda bango ya fi baƙi, nan hayaƙi ya saba bi. Ku bar masa mafita a can sama, dab da rufi, da wata kafa a ƙasa ta ɗaya ɓangaren don iska ta shigo. Hadarinmu daga gabas yake tasowa da feshi, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas da ƙura, saboda haka ƙofar madafi ta fi zama lafiya in ta dubi kudu ko yamma, muddin ba ɗakin kwana za ta tura wa hayaƙi ba. Kwano kuma ku ɗaga shi sosai, don zafin bazara da na wuta ba sa haɗuwa a ƙarƙashin gajeren rufi.

Garin nan a bakin layin dogon Kano zuwa Nguru ya girma, layin da aka kammala a 1930, kuma tsofaffin gidajensa na ƙasa ne. Bangon ƙasa ba ya tsoron wuta kamar yadda yake tsoron ruwa a gindinsa. Wanda ya ga daminar 2022 a Jigawa ya san yadda katanga ke zubewa. Idan kuka jingina wurin wanke-wanke da tsohon bango, kullum ruwa na tsatsafowa, ba sai an jira damina ba. Ku janye shi, ku yi masa daɓe mai gangara zuwa rariya, ku kuma bi rariyar har waje ku tabbatar lungu bai fi tsakar gida tudu ba, don tsofaffin lunguna sukan cike da shekaru. Ramin da ruwan zai tsuma ya yi nesa da harsashi. Ƙasarmu rairayi ce, ba ta riƙe kanta in ta jiƙe.

Yaɓen siminti ko tayil kai tsaye a kan bangon ƙasa kuwa, kun san ƙarshensa, ko da maigida bai sani ba. Danshi ya shiga baya ya rasa mafita, gara ta samu mafaka, wata rana a ƙwanƙwasa a ji yana amsawa kamar ganga. In lallai ana son tayil, a tayar da siririn bango na bulo daga ciki mai tsayuwa da ƙafarsa, a bar tsohon da yaɓensa na ƙasa. Haka batun fasa bango don a haɗe ɗaki biyu. Azara ba ta ɗaukar nauyin soro a faɗin da ya wuce kimanin ƙafa 6 sai da dabara, shi ya sa magabatanku suka yi ɗakunan ƙanana. Ku san abin da bango ke ɗauke da shi kafin ku sa masa diga.

Gidaje da dama sun fara haɗa itace da gas. Gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwantawa. Tukunyarsa ta zauna nesa da murhun itace, a inuwa, da kafar iska daidai ƙasa, ba cikin rufaffen kabad ba, ba kuma kusa da rami ba. A ma'ajiya kuma, buhunan gero da wake a ɗora su kan dakali, su bar jikin bango.

Kuma tun ranar ciniki ku faɗa wa maigida kwana nawa aikin zai ci, ku kafa wa matan rumfar zana a wani gefe kafin ku cire dutsen murhu na farko, ku gama rufi kafin ruwan farko.