Makarantun kuɗi: wa ke riƙe da akala?

Kowace shekara, da zarar damana ta ja jiki, gero ya nuna, watan Oktoba ya ƙarato, sai ka ga alluna sun tsaya a bakin tituna tun daga Yamai har Damagaram. Wannan makaranta ta ce ɗalibanta kaf sun ci BEPC, waccan ta ce babu na biyunta a Bakaloriya, gidajen rediyo kuma sai zuba sanarwa suke yi safe da yamma. A lokacin ne ma'aikaci ke zuwa banki neman bashin shiga makaranta, ɗan kasuwa kuma ya taɓa uwar kuɗinsa, domin kowa na son ɗansa ya samu abin da shi bai samu ba. In uba ya je rubuta ɗa, yakan tambayi kuɗin shekara, ya tambayi ko akwai motar ɗaukar yara, ya leƙa aji ya ga ko da fanka. Tambaya guda ce ba kasafai muke yi ba, alhali kuwa ita ce uwar tambayoyi: wa ke riƙe da akalar wannan makaranta, kuma ina ya nufa da ƴaƴanmu?

Ya kamata mu tuna yadda aka yi muka zo nan. A zamanin Diori da Kunce makarantar boko kusan duk ta gwamnati ce, in ka ɗebe ƴan makarantun mishan irin su Mariama da ke Yamai. Malami kuwa mutum ne mai daraja a gari, don shi kansa Diori Hamani malamin makaranta ne kafin siyasa, haka Bubu Hama, haka Jibo Bakari. Sai kasuwar uraniyum ta faɗi a shekarun 1980, baitulmali ya bushe. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka zubar da jinin ɗalibai a gadar Kennedy, a 1991 aka yi Taron Ƙasa, to amma dimokuraɗiyya ba ta zo da albashi a aljihunta ba. Malamai suka yi watanni ba a biya su ba, yajin aiki ya bi yajin aiki, shekarun karatu suka tafi a banza, sannan a Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Duk uban da ke da ɗan hali ya shiga nema wa ɗansa mafaka. A 1996 aka yi dokar da ta tsara makarantu masu zaman kansu, a 1998 aka yi babbar dokar ilimi ta LOSEN. Jama'a kuma ba ta tsaya jiran kowa ba: ƙidayar 1988 ta same mu miliyan 7 da ɗoriya, ta 2012 ta same mu miliyan 17.

Saboda haka ba na cikin masu zagin makarantun kuɗi. Sun ɗauki kayan da gwamnati ta kasa ɗauka ita kaɗai, kuma da yawa daga cikin likitoci da injiniyoyinmu na yau can suka fito. Wanda ya sa dukiyarsa ya gina aji, maimakon ya ƙara gidan haya, ya cancanci a gode masa. Sai dai godiya ba ta hana faɗin gaskiya, kuma gaskiyar ita ce ciwon da ke cin da yawa daga cikin waɗannan makarantu a wurin shugabanci yake.

A takarda, kowace makaranta tana da mutum biyu: wanda ya kafa ta da kuɗinsa, da shugaban da ke tafiyar da karatu. A zahiri kuwa, sau da yawa na biyun hoto ne. An ɗauko shi ne don takardunsa su cika sharaɗin ma'aikatar ilimi, amma ba shi ke ɗaukar malami ba, ba shi ke sallamarsa ba, bai san abin da ya shiga asusu ba, ko alli zai saya sai ya jira mai gida ya dawo daga tafiya. Ƴan'uwana ƴan kasuwa, ku kuka fi kowa sanin amsar wannan. Alhajin da ya sayi babbar mota yakan zaɓi direban da ya yarda da shi, ya faɗa masa inda za a kai kaya, ya ba shi kuɗin mai da na hanya, in ya dawo a zauna a yi lissafi. Ba mu taɓa jin ya bi shi zuwa Agadas yana fizge masa sitiyari a kowace kwana ba. To don me abin da muka yarda da shi a kan buhun siminti za mu ƙi shi a kan ƴaƴan mutane?

Na san wani dattijo da ya yi shekara talatin yana riƙe da alli kafin ya yi ritaya. Wani mai hali ya ɗauke shi shugabancin sabuwar makarantarsa. A ƙarshen shekara malamai suka zauna suka yanke cewa wani yaro zai maimaita aji, don makinsa bai ko kusa da na wucewa ba. Ashe uban yaron abokin cinikin mai makaranta ne. Waya ɗaya aka buga da dare, da safe sunan yaro ya koma cikin waɗanda suka wuce. Dattijon ya ce mini ba yaron ne ya fi ba shi tausayi ba, malamansa ne, domin tun daga ranar kowane ɗayansu ya gane cewa jan biro ɗinsa ba shi da wani amfani, ɗalibai ma suka gane. Bai sake shekara a wurin ba. Makarantar tana nan, an ma ƙara mata bene, amma wanda ya san ta a da ya san abin da ya fita daga cikinta.

Mu zo ga maganar kuɗi, tunda ita ce ake fakewa da ita. A 2025 gwamnati ta ba da umarnin rage kuɗin makarantu masu zaman kansu da kashi 20 cikin ɗari. Iyaye sun yi murna, masu makarantu sun yi kuka, kowa da hujjarsa. Abin da ya dame ni shi ne inda wuƙar ke sauka. Mu ɗauki misali: makaranta mai yara 300, kowane na biyan jika 100 a shekara, wato miliyan 30. In an cire kashi 20, saura miliyan 24. A ina za a cike giɓin miliyan 6? Inda babu shugaba mai faɗa a ji, amsar a shirye take: a cusa yara 70 a ajin da aka gina don 40, a sallami tsohon malami a ɗauko ɗalibin jami'a mai karɓar rabin albashinsa. Inda akwai shugaba kuwa, zai ce a dakatar da sabon bene, a rage allunan talla, a bar malamai su ci abinci.

Mu ci gaba da wannan lissafi. A ce makarantar tana da malamai 12, kowane na ɗaukar jika 80 a wata. In wata tara ake biyan su, kamar yadda wasu ke yi, an kashe miliyan 8 da jika 640. In har da watanni uku na hutun damana, an kashe miliyan 11 da jika 520. Bambancin bai kai jika 10 a kan kowane ɗalibi ba. Don gudun wannan ɗan kuɗi ne ake barin magidanci wata uku babu ko dala, a daidai lokacin da hatsi ya fi tsada, babu takardar yarjejeniyar aiki, babu sunansa a asusun CNSS. Sannan a yi mamaki don ya gudu da zarar ya samu wata ƙofa, ko don yana koyarwa a makarantu uku a yini ɗaya. Ɗan kasuwar Maraɗi ya daɗe da sanin cewa arzikin mutane ya fi arzikin kuɗi, don shi ya sa yake riƙe yaronsa na amana shekara ashirin, ya yi masa aure, ya ba shi jari. Jarin makaranta malamanta ne. Makarantar da ke sauya malamai kowace shekara uwar kuɗinta take ci tana tsammanin riba ce.

Shugabanci kuma bai tsaya ga biyan albashi ba, sai an san alƙibla. Firamare shekara shida ce, kwaleji huɗu, lise uku. Yaron da ya shiga ajin CI a Oktoba 2025, in bai maimaita ba, sai a 2038 zai zauna Bakaloriya. Wace Nijar zai tarar, kuma da me a hannunsa? Ga tambayoyin da ke jiran kowane shugaban makaranta. Kundin da aka zartar a Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Shin makaranta ta zauna ta yi tunanin abin da wannan ke nufi a cikin aji, ko kuwa har yanzu ana hukunta yaro don ya yi magana da harshen uwarsa? Ba sabon abu ba ne a ƙasarmu, tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Haka maganar haɗa boko da Larabci, wadda aka soma a madarasar Sayi tun 1957: wanda ya rubuta ta a allonsa, da gaske yake, yana da malamanta, ko tarkon jawo iyaye ne? Ga kuma maganar sana'a, a ƙasar da gwamnati ba za ta iya ɗaukar duk mai takarda aiki ba. Babu makarantar da za ta iya komai. Aikin shugaba shi ne ya zaɓi abu biyu ko uku, ya rubuta su, ya faɗa wa iyaye, ya yarda a tambaye shi a kansu bayan shekara biyar.

Da ni ne, da karatu da rubutu zan fara. Binciken PASEC na 2014, wanda aka yi a ƙasashen Afirka goma, ya nuna cewa a Nijar yaran ajin ƙarshe na firamare da ke karantawa su fahimta yadda ya kamata ba su kai goma cikin ɗari ba. Shugaban da ya ɗau alkawarin cewa babu yaron da zai bar aji na uku a makarantarsa bai iya karanta wasiƙa ba, ya kuma cika, ya fi mini mai kwamfuta ashirin a ɗakin da aka kulle.

Shi kansa “ɗari bisa ɗari” da ake rubutawa a allo yana bukatar a dube shi da idon basira. Akwai dabarar da malamai da yawa suka sani: in jarrabawa ta matso, sai a tace aji, masu rauni a kore su ko a sa su rubuta sunansu don kansu, ba da sunan makaranta ba. An karɓi kuɗin ubansu shekara uku, a ta huɗu an yar da su don kada su ɓata talla. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tambayar da ya kamata uba ya yi ita ce: yara nawa suka shiga ajin farko na kwaleji shekara huɗu da suka wuce, nawa daga cikinsu suka kai ga BEPC a nan?

Saura magana guda da ba mu son yi, ita ce ta mutuwa. Makarantar da komai nata ke cikin kan mutum ɗaya da aljihunsa, ranar da ya faɗi ita ma ta kama hanya. Magada za su zo, kuma hakkinsu ne: wannan na son a sayar da fili, wancan na son a mai da azuzuwa shaguna, yara ɗari uku kuma suna tsakiyar shekara. Musulunci ya ba mu maganin wannan tun da daɗewa, wato waƙafi, wanda ya riƙe Azhar ta Misira ƙarni bayan ƙarni. Wanda bai iya yin waƙafi ba, aƙalla ya raba asusun makaranta da na shagonsa, ya kafa majalisar mutum biyar ko bakwai, da wakilin iyaye da na malamai da wani dattijo masanin ilimi, ya rubuta yadda za a naɗa shugaba da yadda za a sauke shi.

Na san abin da wani zai ce: kuɗina ne, gumina ne, wa zai kafa mini doka a gidana? Gaskiya ne kuɗinka ne, Alhaji, kuma riba halal ce, babu mai cewa ka yi asara. Amma in ka sayar wa mutum ruɓaɓɓen kaya, gobe zai dawo maka da shi ka sauya masa. Shekarun yaro ba a dawo da su. Wannan ne ya sa makaranta ta bambanta da kanti, kuma shi ya sa al'umma ke da bakin magana a cikinta.

Ita ma gwamnati da sauran aiki a gabanta. Rage kuɗi kaɗai bai isa ba. Sufetocin ilimi su riƙa shiga aji, su ƙirga yara, su nemi takardun albashi, kada ziyara ta ƙare a ofishin mai makaranta. A wajabta wa kowace makaranta ta liƙa a ƙofarta sunan shugabanta, da yawan yaran da ta ɗauka da waɗanda ta kai jarrabawa. In makarantun gwamnati suna da kwamitin COGES inda iyaye ke da kujera, babu dalilin da zai sa uban da ke biya daga aljihunsa ya zama ba shi da inda zai yi tambaya. Mu kuma iyaye, mu daina aika yaro da kuɗi a ambulan muna zaune a kasuwa ko a ofis. Mu je da ƙafarmu, mu nemi ganin shugaba, mu tambaye shi shekara nawa ya yi a wurin, malamansa nawa suka kai shekara biyar. In ya amsa yana waiwayen ƙofar mai gida, to mun samu amsa.

Ga masu makarantu, wannan ba faɗa ba ne, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ku nemo direba nagari, ku faɗa masa inda za a je, ku sakar masa sitiyari, in shekara ta ƙare ku zauna da shi a yi lissafi a gaban iyaye. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da aka damƙa mana, amin.