Rumbun Yusufu Bai Tambayi Addinin Mai Yunwa Ba

'Yan'uwa Kiristocin Dakoro, gaskiya ba mu da yawa a garin nan, amma ƙarancinmu ba hujjar rufe ƙofa ba ne. Annabi Irmiya ya gargaɗi waɗanda aka kai bauta Babila su nemi lafiyar garin da suke zaune. Yusufu kuwa ya tara hatsi shekara 7 a Masar, da yunwa ta zo kowa ya samu.

Mun ga irin haka nan jihar Maradi. Tun 1983 Tony Rinaudo na mishan SIM ya nuna wa manoma sassaben zamani: a bar kututture ya tofo, a gyara shi ya zama itace. Gonar Musulmi da ta Kirista duk sun amfana.

To mu fa? Kowace kaka manomi yana sayar da hatsi da araha, tsakiyar damana ya sayo da tsada, ko ya ci bashi. Majami'unmu su haɗa baikon kaka su buɗe bankin cimaka. A sa mai unguwa, manomi da makiyayi cikin kwamiti, a sayar wa kowa kuɗi ɗaya, ba sharaɗin shiga majami'a. Mu fara tun kakar bana.