Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

Ɗan jarida ya tambayi hukuma mutum nawa amai da gudawa ya kashe, sai a ce masa: "Kada ku tayar wa jama'a hankali." Wa ya gaya musu shiru yana kwantar da hankali?

A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu. Duniya ba ta ji cikakken labarin ba sai ƙarshen 2000, da jaridar Washington Post ta Amurka ta tono shi. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, bisa jita-jitar cewa an zuba masa maganin hana haihuwa. Jita-jitar ba ta da tushe, amma ta samu masu saurare, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Yaran da ƙafafunsu suka shanye daga baya su suka biya kuɗin wannan ɓoye-ɓoyen.

Ba mu ɗauki darasi ba. A Afrilun 2020, da mace-mace suka yawaita a Kano, maƙabartu 'yan jarida suka riƙa bi suna tambayar masu haƙa kabari gawa nawa suka rufe. Sai a Yuni ministan lafiya ya ce mai yiwuwa rabin mace-macen ko fiye suna da nasaba da korona.

Alhali tun 2011 Najeriya ke da dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa wa mai tambaya. Ni sana'ata rubuta manhaja ce, ina kuma tabbatar muku cewa ɗora alƙaluman kowace ƙaramar hukuma a intanet duk mako, da Hausa, ba tare da sunan majinyaci ko ɗaya ba, aiki ne mai sauƙi. Niyya ce babu.

Ana cewa 'yan jarida suna zuzuta labari. Wasu suna yi. Maganinsu a ba su alƙaluma na gaskiya, domin inda hukuma ta yi gum, saƙon murya na WhatsApp ke zama likita.

Sirrin majinyaci amana ne, a rufa masa. Adadin masu mutuwa a unguwarmu kuwa haƙƙinmu ne. Uwar da ba a gaya mata rijiyar layinsu ta gurɓace ba, gobe ma daga nan za ta ɗebo wa ɗanta ruwa.